Gwiwa da Hoton MRI: Wane Ne Yake Bukatarsa?



Duk mai zuwa gidan kallon ƙwallo ya saba jin wannan magana. Ɗan wasa ya faɗi yana birgima riƙe da gwiwa, an fitar da shi daga fili, bayan an tashi sai kociya ya shaida wa 'yan jarida cewa ba a san girman raunin ba tukuna, sai an yi masa hoton MRI. Haka ta faru da Rodri na Manchester City a watan Satumban 2024, ranar da suka kara da Arsenal. Hoto ya nuna babbar jijiyar da ke tsakiyar gwiwarsa ta tsinke, aka yi masa tiyata, kuma da sanduna ya dogara ya hau dandamali a birnin Paris a ƙarshen watan Oktoba ya karɓi kyautar Ballon d'Or.

Daga bakin masu sharhin wasanni sunan wannan hoto ya shigo gidajenmu. Yau za ka ga ɗa mai biyayya ya ɗauko mahaifiyarsa da ta shekara da shekaru tana fama da gwiwa, ya kai ta asibiti, tun likita bai taɓa ƙafar ba ya ce, "Likita, a yi wa Hajiya MRI, ko nawa ne zan biya." Niyyarsa kyakkyawa ce, Allah Ya saka masa da alheri. Amma gwiwar Rodri daban, gwiwar Hajiya daban. A ta farko hoton yana warware matsala, a ta biyu kuwa yana iya ƙulla wata sabuwa.

Bari mu fara da na'urar, don ta fi kusa da sana'armu ta rediyo fiye da yadda ake zato. Hoton ƙashi da muka saba da shi, wanda wani Bajamushe mai suna Röntgen ya gano haskensa a 1895, haske ne mai ratsa tsoka, ƙashi ya tare shi. Shi ya sa ƙashi ke fitowa fari tas, abin da ke kewaye da shi kuwa sai dishi-dishi. MRI ba ruwanta da wannan haske. Ƙaton maganaɗisu ne mai rami a tsakiya. Yawancin na zamani ƙarfinsu tesla 1.5 ne ko tesla 3, kuma mai tesla 1.5 ɗin ya ninka ƙarfin maganaɗisun wannan duniya da muke takawa sau kusan 30,000. Jikin mutum fiye da rabinsa ruwa ne, a cikin ruwa kuma akwai ƙwayoyin haidurojin. Idan aka shigar da mutum ramin, waɗannan ƙwayoyi sukan karkata su bi layin maganaɗisun. Sai na'urar ta aika musu da igiyar rediyo ta ture su daga layin. Da ta ɗauke sai su koma mazauninsu, suna komawa suna fitar da wata 'yar sigina. Akwai eriya da ake rufa wa gwiwa tana kama siginar, kwamfuta ta mayar da ita hoto.

Na'ura mai tesla 1.5 tana aiki a wajen megahaz 64, mai tesla 3 kuma a wajen 128. Tashoshin FM suna tsakanin 88 da 108. Ashe maƙwabtan juna ne mu da ita. Shi ya sa ake lulluɓe bangon ɗakinta da jan ƙarfe, don kada surutun irinmu ya kutsa ya ɓata wa likita hoto.

Amfanin abin shi ne, ƙwayoyin da ke cikin kitse, da na cikin guringuntsi, da na cikin ruwan kumburi, ba da sauri ɗaya suke komawa mazauninsu ba. Saboda haka kowane yakan fito da nasa duhu ko haske. Na'urar tana nuna gwiwa yanki-yanki, kowane yanki kaurinsa milimita uku zuwa huɗu, ta gefe, ta gaba, da ta kwance, ba tare da an tsaga fata ba. Paul Lauterbur na Amurka ne ya bayyana dabarar haɗa hoto ta wannan hanya a 1973, Peter Mansfield na Jami'ar Nottingham a Ingila ya samo yadda za a hanzarta ta, kuma su biyun suka raba kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2003.

To me ke cikin gwiwar? Ƙasusuwa uku ne suka haɗu: ƙashin cinya, ƙashin ƙwauri, da ƙoƙon gwiwa. Manyan jijiyoyi huɗu ne suka ɗaure su, biyu a gefe da gefe, biyu a tsakiya sun gitta juna, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Ta gaban ce masu kallon ƙwallo suka haddace da sunan ACL. Aikinta ta hana ƙwauri zamewa gaba, ta kuma riƙe gwiwa idan mutum ya juya da sauri. Bakin ƙasusuwan a shafe yake da guringuntsi mai santsi. Sannan tsakanin cinya da ƙwauri akwai wasu guringuntsi guda biyu masu lanƙwasa, likitoci na ce musu meniskus. Ni dai gammo nake ganinsu. Yadda mai ɗaukar tulu ke naɗa gammo don nauyi ya bazu kada ya danne wuri ɗaya, haka waɗannan ke raba nauyin jiki a kan ƙwauri duk takun da mutum ya yi. Daga jijiyoyin har gammon, babu wanda hoton ƙashi ke nunawa.

Ku ɗauki saurayi ɗan ƙwallon unguwa. Filin busasshe ne, ƙasa ta yi tauri. Ya kafa ƙafa zai yanke abokin karawa, takalmi ya kafe, jiki ya juya. Shi da kansa ya ji wani abu ya ce ɗas a cikin gwiwar. Kafin isha'i ta kumbura suntum, domin jijiyar da ta tsinke jini take zubarwa a cikin gaɓar. Washegari aka yi hoton ƙashi, aka ce babu karaya. Kowa ya ce alhamdu lillahi, targaɗe ne. Aka kai shi wajen maɗori, aka ja, aka murza, aka shafa mai, aka ɗaure. Bayan 'yan makonni kumburi ya saɓe, yana tafiya sumul, har an fara yabon hannun mai ɗori. Ranar da ya koma fili, juyin farko da ya yi gwiwar ta ƙwace, sai ga shi a ƙasa. Kuma duk lokacin da ta ƙwace haka, ƙasusuwan suna gurzar gammon da ke tsakaninsu.

Ba na cikin masu raina maɗora. Suna kusa da jama'a, kuɗinsu da sauƙi, kuma kowannenmu ya san wanda aka ɗora ya miƙe. Amma jijiyar da ta tsinke a tsakiyar gaɓa hannu ba ya kai gare ta daga waje, ko na wane ne. Ja da murza ba za su haɗa ta ba. Ciwon gwiwa ba abin wasa ba ne ga mai neman abinci da ƙafarsa. Waɗanda suka ga zamanin Daniel Amokachi, ɗan Kaduna, sun san gwiwa ce ta katse masa wasa tun yana da sauran ƙarfinsa.

Idan wannan saurayi ya je wurin likitan ƙashi, abin da za a fara yi masa ba hoto ba ne. Tambaya ce: yaya ka faɗi, ka ji ƙara, yaushe ta kumbura, tana ƙwacewa, tana maƙalewa? Sannan a kwantar da shi rigingine. Likita ya ɗan lanƙwasa gwiwar kaɗan, ya riƙe cinya da hannu ɗaya, ya kama ƙwauri da ɗayan, ya jawo shi gaba. A lafiyayyar gwiwa ƙwaurin zai ɗan motsa ya tsaya cak, likita yana jin tsayawar a tafin hannunsa. Idan jijiyar ta tsinke sai ya yi ta tahowa lagwab, babu abin da ya tare shi. Za a gwada ɗaya ƙafar a kwatanta. Wannan gwaji, da ake kira da sunan wani likitan Amurka, Lachman, bai kai minti ɗaya ba, kuma a hannun gwani ba kasafai yake kuskure ba.

Bayan nan ne MRI ke nuna darajarta. Lafiyayyar jijiya takan fito baƙa, a miƙe, ta ratsa tsakiyar gaɓa a karkace. Tsinkakkiya kuwa sai ka ga ta yamutse ko ta ɓace. Hoton yakan nuna ƙujewar cikin ƙashi, wurin da cinya da ƙwauri suka yi karo lokacin faɗuwar, abin da hoton ƙashi ba zai taɓa gani ba. Mafi muhimmanci, yakan nuna ko gammon ya yage, da kuma inda ya yage. Gefensa na waje jini na kai masa, don haka ana iya ɗinke shi ya warke. Na ciki jini ba ya kai masa sosai, ba ya haɗewa. Wani lokaci kuma yagaggen ɓangaren yakan naɗe ya shige tsakanin ƙasusuwa, gwiwa ta maƙale, ta ƙi miƙewa. Likitan da zai shiga tiyata yana bukatar sanin duk wannan tun kafin ya ɗauki wuƙa. A irin wannan hali kuɗin hoton bai faɗi a banza ba.

Amma ko a nan, ganin jijiya ta tsinke ba shi ne hukuncin tiyata ba. A ƙasar Suwidin an yi wani bincike da aka wallafa a 2010, a kan matasa 121 masu motsa jiki da wannan jijiya ta tsinke musu. Wasu aka yi musu aiki da wuri tare da gashin ƙashi. Wasu aka fara da gashin ƙashi da motsa ƙafa kaɗai, aka ce sai in gwiwar ta ci gaba da ƙwacewa za a yi aiki. Bayan shekara biyu sakamakon ɓangarorin biyu kusan ɗaya ne, kuma fiye da rabin rukuni na biyu ba su kai ga tiyatar ba. Ɗan wasan da ke cin abinci da yanka da juyi zai fi karkata ga aiki, ya kuma haƙura da fili na wajen wata tara. Tela ko malamin makaranta yana iya zaɓar wata hanyar.

Yanzu mu dawo kan Hajiya. Ita ba ta faɗi ba, ba ta ji ƙara ba. A hankali abin ya zo. Da safe gwiwar tana sandarewa na ɗan lokaci, in ta taka ta saki. Hawa bene ya zama aiki, zaman tahiya ya gagara, tashi daga sujada sai ta dafa ƙasa da hannu biyu. Wannan shi ne amosanin gaɓɓai irin na zaizayar guringuntsi, wanda wasu ke haɗawa da sauran ciwuka su ce sanyin ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 528 ne ke ɗauke da shi, kuma gwiwa ce gaɓar da ya fi kamawa, wajen mutum miliyan 365.

A sa wannan gwiwa a MRI, tabbas za a ga wani abu. Tambayar ita ce ko abin da aka gani shi ne ke ciwo. A garin Framingham na jihar Massachusetts a Amurka, masu bincike sun ɗauki mutum 991 masu shekara 50 zuwa 90, ba marasa lafiyar asibiti ba, mutanen gari kawai, suka yi wa gwiwarsu MRI. An wallafa sakamakon a 2008. A cikin mata masu shekara 50 zuwa 59, kashi 19 cikin ɗari gammonsu ya yage ko ya lalace. A cikin maza masu shekara 70 zuwa 90, kashi 56 cikin ɗari. Ga inda abin yake: kashi 61 cikin ɗari na waɗanda aka ga yagewar a gwiwarsu ba su ji ciwo ko sandarewa ba a watan da ya gabaci hoton. Wani binciken a garin dai, a 2012, ya duba mutum 710 da suka haura shekara 50, waɗanda hoton ƙashi bai nuna musu amosani ba. MRI ta ga wata tangarɗa a gwiwar kashi 89 cikin ɗari, masu ciwo da marasa ciwo. Gammon da ya shekara sittin yana ɗaukar kaya dole bakinsa ya yi zare-zare, kuma bai fasa ɗaukar tulu ba.

Sai dai takardar sakamakon ba haka take faɗa ba. Turanci ne mai nauyi, layi bayan layi, kuma kalmar yagewa ce za ta tsaya wa 'ya'yan Hajiya a rai. Daga nan sai taron iyali, a fara lissafin Masar ko Indiya, a sa gona ko fili a kasuwa. Hajiyar da jiya take lallaɓawa zuwa gidan biki, yau ta ji an ce wani abu ya yage a ƙafarta, sai ta daina takawa. Tsokar cinya ta saki, jiki ya ƙara nauyi, ciwo ya ƙaru.

Kuma aikin da ake hanƙoro, an gwada shi an gani. A ƙasar Finland an ɗauki mutum 146 masu shekara 35 zuwa 65 da irin wannan yagewa ta yau da gobe, da yardarsu. Duka aka shigar da su ɗakin tiyata, aka zura 'yar kyamara a gwiwar. Wasu aka datse musu yagaggen wurin. Wasu kuwa likita ya yi ta motsi da kayan aiki, ana jin ƙarar na'ura, amma bai datse komai ba. Majinyatan ba su san wanda aka yi musu ba. Bayan shekara guda, kamar yadda aka wallafa a 2013, ɓangarorin biyu sun samu sauƙi daidai wa daida. Tun a 2002 an yi makamancin wannan a birnin Houston na Amurka da mutum 180 masu amosanin gwiwa, waɗanda aka tsaga wa fata kawai aka ɗinke ba su kasa waɗanda aka wanke wa gaɓa samun sauƙi ba.

Shi ya sa hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, NICE, ta ce wanda ya kai shekara 45, gaɓarsa na ciwo idan ya yi aiki da ita, kuma sandarewar safe ba ta wuce minti talatin, ana iya gane amosaninsa ba tare da hoto ba. Mukan ce gani ya kori ji, amma a wannan ɗaki abin da majinyaci ya faɗa da abin da hannun likita ya taɓa su ne a gaba. In ma za a yi hoto, na ƙashi da aka ɗauka mutum na tsaye ya wadatar, don yana nuna yadda tazarar da ke tsakanin ƙasusuwan ta ƙuntata.

Abin da ke taimakon Hajiya ba shi da armashi a ido. Ƙarfafa tsokar cinya a sashen gashin ƙashi, tafiya daidai gwargwado, sanda a hannun da ke ɗaya gefen, da rage ƙiba. An auna an gani cewa kowane kilo ɗaya da mutum ya rage yana sauke wa gwiwa wajen kilo huɗu a kowane taku. Salla a kan kujera kuwa malamai sun daɗe da bayyana rangwamen da addini ya yi wa mai lalura. Idan gaɓar ta cinye ƙarƙaf har barci ya gagara, akwai aikin sauya gwiwa, kuma wannan aiki ne mai amfani ƙwarai ga wanda ya kai matakin. Abin da nake roƙo a guje wa shi ne haɗin ƙwayoyin nan da ake ƙullawa a leda ba takarda ba suna. Ciwo zai lafa, amma masu kashe zafin cikinsu suna cin ciki da ƙoda idan aka daɗe ana sha, masu sa kumburin fuskar kuma suna tayar da sukari, suna raunana ƙashi.

Akwai kuma dalilin da ya sa wannan magana ta fi nauyi a wurinmu. Wata ƙidaya da aka wallafa a 2018 ta samu na'urorin MRI 84 a duk Afirka ta Yamma, 58 daga ciki a Najeriya, yawancinsu masu ƙaramin ƙarfi. An samu ƙari tun daga lokacin, amma ku kwatanta da Japan, inda kowane mutum miliyan ɗaya ke da fiye da 50. Manyan na'urorin da ruwan hiliyom ake sanyaya su, sanyin da ya kai digiri 269 ƙasa da sifili, kuma abin sanyayawar yana son lantarki dare da rana. Kun ga inda tsadar ta fito. Duk gurbin da aka ba wanda ba ya bukata, an tsawaita layin wanda ke bukata.

Cikin masu bukatar har da masu ciwon sikila, kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan haihuwarsu. Jini yakan toshe wa kan ƙashin cinya, can a kwatangwalo, ƙashin ya fara mutuwa. A farkon lamarin hoton ƙashi yakan fito lafiya lau, MRI ce ke kama shi da wuri. Wani abin lura, ciwon kwatangwalo yakan sauko a ji shi a gwiwa, musamman ga yara. Wanda ya dage sai an ɗauki gwiwa zai biya kuɗi ya karɓi hoto mai kyau, ciwon kuwa yana sama. Likitan da ya juya ƙafar da hannunsa ne zai gane inda za a duba.

Wanda aka rubuta wa hoton, ga abin da zai tarar. Ƙafa ake fara shigarwa, kuma in gwiwa ce galibi kai yana waje, don haka mai tsoron ƙuntataccen wuri ya kwantar da hankalinsa. Za a ba shi abin toshe kunne, don na'urar tana da ƙarar bugu mai tsanani. Zai kwanta minti ashirin zuwa arba'in ba motsi. Babu zafi. Haɗarin ɗaya ne, ƙarfe. Maganaɗisun a kunne yake kullum, ko ba kowa a ɗakin. A 2001, a jihar New York, ya fizgo tukunyar iskar numfashi ta ƙarfe ta bugi wani yaro ɗan shekara shida da ke cikin ramin, ya rasu. Saboda haka makulli, waya, agogo, awarwaro, fil ɗin mayafi, katin banki, duk a bar su a waje. Laya da guru da kambu ma a cire, kada a ji kunya, don wasu da ƙarfe a cikin ɗinkinsu. Mai na'urar daidaita bugun zuciya, da wanda harsashi ya maƙale masa, da mai walda ko maƙerin da ɓarɓashin ƙarfe ya taɓa faɗa wa a ido, su faɗa tun a bakin ƙofa. Wanda aka sa wa ƙarfe a ƙashi shi ma ya faɗa. Yawancin na zamani ba sa hanawa, amma ma'aikatan ne za su tantance.

Akwai gwiwa guda da ba ta jiran layin kowane hoto. Idan ta kumbura cikin kwana ɗaya ko biyu ba tare da faɗuwa ba, ta yi zafi rau, mutum na zazzaɓi, ko taɓa ta ba ya so a yi, balle ya taka, to ana tsoron ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓar. Mugunya tana iya cinye guringuntsi cikin 'yan kwanaki. Ba a kai ta wajen ɗori, ba a yi mata ƙaho, ba a jira gari ya waye. A asibiti za a zuƙo ruwan da allura a auna, a fara magani nan take, in ta kama a wanke gaɓar a ɗakin tiyata.